Patrick Troughton

Patrick George Troughton (an haife shi ranar 25 ga watan Maris, 1920, ya mutu ranar 28 ga watan Maris, 1987) ɗan wasan kwaikwayo ne ɗan ƙasar Ingila, wanda ya shafe shekara 40 yana fitowa a talabijin da fina-finai. An fi saninsa da fitowa a matsayin Dakta na biyu a cikin Doctor Who, shirin almarar kimiyya na gidan talabijin na BBC, daga 1966 zuwa 1969. Shi ne mutum na farko da ya gaji wani a matsayin jarumin shirin, kuma karɓuwar da ya samu wajen masu kallo ita ta tabbatar da cewa shirin zai iya ɗorewa ko da an sauya jaruminsa.

Mafi yawan abin da ya yi a Doctor Who ya salwanta bayan BBC ta goge faya-fayanta a shekarun 1960 da 1970. A shekarar 2013 aka sanar da gano kashi tara na aikinsa a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin da ke Jos, a arewacin Najeriya. Wannan ya dawo da labarai biyu, The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda aka yi shekara 45 ba a gan su ba a ƙasar da aka shirya su.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Troughton a unguwar Mill Hill da ke arewacin birnin Landan. Mahaifinsa lauya ne. Yana da wa guda ɗaya da ƙanwa ɗaya. Ya yi karatu a makarantar Mill Hill, inda ya fara shiga wasannin kwaikwayo na ɗalibai. Daga nan ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Embassy da ke unguwar Swiss Cottage, ya yi karatu a hannun Eileen Thorndike. Ƙoƙarinsa ya sa ya samu tallafin ƙaro karatu a wani gidan wasa da ke Long Island, kusa da birnin New York na Amurka.

Yana can Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Ya kamo hanyar gida a cikin wani jirgin ruwan ƙasar Beljiyam, amma da suka kusa gaɓar Birtaniya sai jirgin ya taka nakiya ya nutse. Troughton ya tsira a cikin kwalekwalen ceto. Ya yi ɗan lokaci yana wasa da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a garin Tonbridge kafin ya shiga soja.

Aikin soja

A shekarar 1940 ya shiga rundunar sojan ruwa ta Birtaniya. An tura shi sashen ƙananan jiragen yaƙi masu gudu, waɗanda ke gadin gaɓar gabashin Ingila suna fafatawa da takwarorinsu na Jamus, galibi cikin dare. Ya kai muƙamin laftanar, har aka ba shi jirgi ya jagoranta, kuma an ambaci sunansa a rahoton yabo na rundunar. Ya bar soja a 1945 bayan an gama yaƙi.

Sana'ar wasan kwaikwayo kafin Doctor Who

Da ya dawo ya koma wasan dandamali, ya yi aiki da ƙungiyoyi da dama, ciki har da Bristol Old Vic. Ya fara fitowa a talabijin a 1947, lokacin da gidajen da ke da akwatin talabijin a Ingila ba su da yawa, kuma kusan duk wasannin kai tsaye ake nuna su ba tare da an naɗa ba. A 1948 ya fito a fim ɗin Hamlet na Laurence Olivier, a 1950 kuma a Treasure Island na kamfanin Disney.

A 1953 ya zama mutum na farko da ya fito a matsayin Robin Hood a talabijin, a wani shiri mai kashi shida na BBC. A 1960 ya fito a matsayin Bulus a Paul of Tarsus, sannan ya fito a matsayin mugun nan Quilp a The Old Curiosity Shop, wanda aka ɗauko daga littafin Charles Dickens. A 1963 ya fito a matsayin makaho Phineus a fim ɗin Jason and the Argonauts.

A waɗannan shekaru ya yi suna a matsayin ɗan wasan da ke rikiɗa. Yau ya fito a mugu, gobe a limamin coci, jibi a tsoho ko bawa, yana sauya murya da tafiya da kamanni har mai kallo ya kasa gane cewa mutum ɗaya ne. Ya fi son aikin talabijin a kan na dandamali, kuma ba ya son hira da 'yan jarida, domin a ganinsa idan mutane suka san ɗan wasa sosai, ba za su ƙara yarda da shi ba idan ya shiga rigar wani.

Doctor Who

Doctor Who ya fara fitowa ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Labari ne na wani baƙo daga wata duniya, wanda ake kira Dakta kawai, ba a san sunansa na yanka ba. Yana yawo a sararin samaniya da cikin zamani, ya koma baya ko ya tsallaka gaba, a cikin wani jirgi mai suna TARDIS. Daga waje jirgin kamar ɗan akwatin wayar 'yan sandan Ingila yake, amma cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Irin wannan labari, da ke gina abin al'ajabi a kan kimiyya maimakon aljanu ko tsafi, shi ake kira almarar kimiyya. A adabin Hausa akwai misalinsa a littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969.

Wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta shi ne William Hartnell. Zuwa 1966 lafiyarsa ta yi rauni har haddace zance yana yi masa wuya. Mai shirya shirin, Innes Lloyd, da abokan aikinsa suka yanke shawarar da ba a saba gani ba. Tun da Dakta ba ɗan Adam ba ne, sai a ce idan jikinsa ya tsufa yana iya sabunta shi, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali. A ƙarshen labarin The Tenth Planet, ranar 29 ga Oktoba, 1966, masu kallo suka ga Hartnell ya faɗi a cikin TARDIS, fuskarsa ta narke ta koma ta Troughton. Cikakken labarinsa na farko, The Power of the Daleks, ya fara ranar 5 ga Nuwamba.

Shawarar kasada ce. Da masu kallo sun ƙi sabon jarumin, da shirin ya mutu yana da shekara uku. Shi kansa Troughton ya yi jinkirin karɓar aikin, don yana tsoron kada rawa ɗaya ta manne masa. An yi ta shawara a kan yadda zai fito, har da tunanin ya zama kyaftin ɗin jirgin ruwa mai zafin rai. A ƙarshe Sydney Newman, shugaban sashen wasan kwaikwayo na BBC, ya kawo shawarar ya fito kamar ɗan yawon duniya marar galihu, mai kama da Charlie Chaplin.

Haka kuwa aka yi. Daktan Hartnell dattijo ne mai faɗa da taƙama. Na Troughton kuwa gajere ne mai baƙar suma, da tsohuwar kwat da ta yi masa yawa da wando mai gidan dara, yana ɗauke da sarewa yana busawa idan tunani ya yi masa yawa. Yakan ruɗe, ya ruga da gudu, ya yi kamar bai san abin da yake yi ba, har abokin gaba ya raina shi. Sai can a gane cewa tun farko shi ke jan zaren. Wannan haɗi na wauta a fili da wayo a ɓoye ya zama ginshiƙin halin Dakta a wajen da yawa daga cikin waɗanda suka biyo bayansa.

Abokan tafiyarsa a shirin sun haɗa da Ben da Polly, waɗanda ya gada daga Hartnell, sai Victoria, wadda Deborah Watling ta fito a matsayinta, da Zoe, wadda Wendy Padbury ta fito a matsayinta. Wanda ya fi daɗewa tare da shi shi ne Jamie, saurayi mai busa daga tsaunukan Sikotland na ƙarni na 18, wanda Frazer Hines ya fito a matsayinsa. Shaƙuwar da ke tsakanin Troughton da Hines, a gaban kyamara da bayanta, tana cikin abubuwan da masoya shirin suka fi tunawa.

Aikin yana da nauyi. Ana nuna kashi ɗaya mai tsawon kimanin minti 25 kowace Asabar da yamma, kusan mako 40 ko fiye a shekara, kuma a wasu lokuta mako ɗaya ne kawai tsakanin ɗauka da nunawa. Cikin shekara uku Troughton ya yi kashi 119 a labarai 21, duk a hoto baƙi da fari. Gajiya da tsoron kada a daina ba shi wasu ayyuka suka sa ya ajiye. Labarinsa na ƙarshe, The War Games, mai kashi goma, ya ƙare ranar 21 ga Yuni, 1969. A cikinsa ne aka fara bayyana mutanen Dakta, waɗanda suka gurfanar da shi saboda tsoma baki a harkokin wasu duniyoyi, suka tilasta masa sauya kamanni, suka kore shi zuwa duniyarmu. Jon Pertwee ne ya gaje shi a 1970.

Yadda aikinsa ya salwanta

A wancan zamani BBC tana naɗar shirye-shirye a kan manyan faya-fayan bidiyo masu tsada, waɗanda za a iya gogewa a sake amfani da su. Yarjejeniyar da ke tsakaninta da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri, babu kuma kasuwar kaset ɗin kallo a gida. Saboda haka da an nuna shiri, ba a ganin sauran amfaninsa. Kafin a goge, sashen kasuwanci na BBC yakan kwafe shirin a kan fim mai faɗin milimita 16 domin sayar wa ƙasashen waje. Da talabijin mai launi ta zo, kasuwar baƙi da fari ta faɗi, sai aka shiga lalata waɗannan kwafe-kwafen su ma, har zuwa 1978 da aka dakatar da hakan aka fara adanawa.

Zamanin Troughton ne ya fi jin jiki. An yi lokacin da labarai kaɗan ne kawai daga cikin 21 ɗin nasa suke cikakku. Abin da ya rage shi ne sauti, domin wasu yara da matasa masu son shirin sun riƙa naɗar muryoyin a rikoda lokacin da ake nunawa, da kuma hotunan da wani mai ɗaukar hoto, John Cura, yake ɗauka daga fuskar talabijin. Da waɗannan ne masoya suka riƙa harhaɗa labaran, suna sauraron murya suna kallon hoto marar motsi.

Fatan da ya rage shi ne kwafen da aka tura ƙasashen waje. BBC ba ta buga wa kowace ƙasa nata. Kwafi ɗaya ne ke zagayawa: idan wannan tasha ta gama nunawa, sai ta aika wa ta gaba, a ƙarshe a mayar Landan ko a lalata. Ba kullum ake bin wannan umarni ba. Ta haka aka samo The Tomb of the Cybermen cikakke a Hong Kong, aka fitar da shi a 1992.

Gano fina-finan a Jos

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka sayi Doctor Who tun a shekarun 1960. Talabijin ta fara a arewa a 1962 da tashar Kaduna, wadda daga baya shirye-shiryenta suka kai Zariya da Kano. A 1974 jihar Binuwai da Filato ta buɗe tata tashar a Jos. Tashoshin wancan lokaci suna cike sa'o'insu da fina-finan da aka sayo daga Birtaniya da Amurka. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe su duka a ƙarƙashin hukumar NTA. Tun a tsakiyar shekarun 1980 an taɓa mayar wa BBC wasu labaran zamanin Hartnell daga Najeriya, ciki har da The Time Meddler da The War Machines.

Philip Morris, wani Bature ɗan Ingila mai kamfanin binciko tsofaffin shirye-shiryen talabijin, ya bi takardun da ke nuna inda BBC ta aika fina-finanta, tasha bayan tasha. A wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos ya tarar da gwangwanayen fim a kan kanta, ƙura ta rufe su, da sunan Doctor Who rubuce a jiki. Bisa bayaninsa, fina-finan sun biyo ta Hong Kong ne kafin su iso Najeriya. Duk da shekarun da suka yi a ajiye, ba su lalace ba.

BBC ta sanar da labarin a watan Oktoba na 2013, ana saura makonni kaɗan shirin ya cika shekara 50. Kashi tara ne sababbi: biyar na The Enemy of the World, wanda ya zama cikakke, da huɗu na The Web of Fear, wanda ya rage saura kashi na uku. Adadin kashin Doctor Who da suka ɓace ya sauko daga 106 zuwa 97, kuma 53 daga cikinsu na Troughton ne. An fitar da labaran biyu a iTunes ranar 11 ga Oktoba, nan da nan suka hau saman jerin shirye-shiryen da aka fi saye. Daga baya Morris ya ce kashi na uku na The Web of Fear yana cikin abin da ya gani a Jos, amma ya yi ɓatan dabo kafin a kwaso fina-finan.

Irin wannan ya faru da fim ɗin Hausa na Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

The Enemy of the World

Ma'anar sunan ita ce maƙiyin duniya. David Whitaker ne ya rubuta, Barry Letts ya ba da umarni, an kuma nuna shi daga 23 ga Disamba, 1967 zuwa 27 ga Janairu, 1968. An gina labarin a shekarar 2018, wato shekara 50 gaba da lokacin da aka yi shi. Troughton ya fito a matsayi biyu: Dakta, da kuma Salamander, wani ɗan siyasa ɗan ƙasar Meziko da suka yi kama kamar an tsaga kara.

Salamander ya ƙirƙiro tauraron ɗan Adam da ke tara hasken rana ya aika shi gonaki, har a yi girbi fiye da sau ɗaya a shekara. Duniya ta ƙoshi, mutane suna ganinsa a matsayin wanda ya raba su da yunwa. Amma a ɓoye yana amfani da wannan farin jini yana kawar da shugabannin yankuna ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora nasa. Yakan yi hasashen girgizar ƙasa ko aman wutar dutse, abin kuma ya faru yadda ya faɗa. Asirin shi ne ya tara wasu mutane a wani gida a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, ya yi musu ƙarya cewa yaƙin nukiliya ya cinye duniya, kuma su ne suke tayar da bala'o'in da injuna, suna zaton maƙiya suke yaƙa. Ƙaryar ta fara warwarewa ne da shugabansu ya tsinci guntun jarida a jikin kwalin abinci, ya ga alamar cewa rayuwa tana tafiya lafiya lau a sama.

Masu adawa da Salamander suka nemi Dakta ya yi shigarsa ya shiga fadarsa. Dakta ya ƙi yarda sai ya ga hujja da idonsa, kuma taka-tsantsan ɗinsa ya yi rana, domin daga baya ta bayyana cewa jagoran 'yan adawar, Giles Kent, tsohon abokin cin mushen Salamander ne. A ƙarshe Salamander ya yi shigar Dakta ya shiga TARDIS, ya tayar da jirgin ƙofa a buɗe, iska ta fizge shi waje.

Kafin 2013 kashi na uku kaɗai ake da shi, wanda akasarinsa a wani lungun gida da ɗakin girki aka yi shi. Saboda haka masoya suka ɗauki labarin a matsayin mai rauni, balle ma babu dodo ko ɗaya a cikinsa, alhali zangon da ya fito a ciki ya yi suna ne da dodanni. Da fina-finan Jos suka fito sai ra'ayi ya juya. Aka ga kashi na farko da tsere a bakin teku da jirgi mai saukar ungulu, aka ga yadda Troughton ke raba mutum biyu da kallo da tsayuwa kawai, har da wurin da yake wasan Dakta yana kwaikwayon Salamander, abin da murya kaɗai ba za ta nuna ba. An kuma yaba wa Carmen Munroe, 'yar asalin ƙasar Guyana, wadda ta fito a matsayin Fariah, mai ɗanɗana wa Salamander abinci. Tun daga lokacin labarin ya haura sosai a ƙuri'un da masoya ke kaɗawa.

The Web of Fear

Wannan shi ne labarin da ya biyo baya, daga 3 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris, 1968. Mervyn Haisman da Henry Lincoln suka rubuta, Douglas Camfield ya ba da umarni. Wani hazo mai kisa ya rufe Landan, an kwashe mutane, wata irin saƙar gizo-gizo kuma tana mamaye ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin. 'Yan sojoji kaɗan sun maƙale a ciki tare da Dakta, ga wasu mutum-mutumin inji masu gashi da ake kira Yeti suna farautarsu cikin duhu, ga kuma zargin cewa ɗaya daga cikinsu yana yi wa maƙiyi aiki.

Ba a ɗauki shirin a ramukan gaske ba. An gina kwaikwayonsu ne a ɗakin ɗaukar shiri, kuma an ruwaito cewa kamar ta yi yawa har hukumar sufurin Landan ta yi ƙorafi, tana zaton an shiga ramukanta ba da izini ba. Yaran da suka kalle shi a 1968 sun girma suna ba da labarin tsoron da ya ba su, shi ya sa ya zama ɗaya daga cikin labaran da aka fi begen gani. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne kawo dodo wurin da mutane ke bi kullum zuwa aiki, maimakon wata duniya mai nisa.

A nan ne kuma aka fara ganin Kanar Lethbridge-Stewart, wanda Nicholas Courtney ya fito a matsayinsa. Daga baya ya zama Birgediya, babban aminin Dakta, ya yi ta fitowa har tsawon shekaru da dama. Fitowarsu ta farko tare tana cikin kashi na uku, wato wanda ya ɓace. A 2021 aka sake gina wannan kashi da zane mai motsi a kan sautinsa na asali.

Bayan Doctor Who

Tsoron da Troughton ya yi bai tabbata ba, domin bai rasa aiki ba har ƙarshen rayuwarsa. A 1970 ya fito a The Six Wives of Henry VIII. A 1976 ya fito a matsayin limamin coci Brennan a fim ɗin ban tsoro The Omen, wanda ya sa aka san fuskarsa a ƙasashe da dama. A 1984 ya fito a matsayin tsohon mai dabo a shirin yara The Box of Delights.

Ya koma rigar Dakta sau uku: a The Three Doctors, wanda aka fara nunawa a ƙarshen 1972, da The Five Doctors a 1983, da The Two Doctors a 1985. Shi ne ya ba Peter Davison, Dakta na biyar, shawarar kada ya wuce shekara uku a shirin, Davison kuma ya bi shawarar. A shekarunsa na ƙarshe ya saki jiki da masoya, ya riƙa halartar tarukansu, musamman a Amurka.

Iyali

Troughton ya yi auren fari a 1943, suka haifi 'ya'ya uku. A tsakiyar shekarun 1950 ya bar gidan ya zauna da wata mace, ita ma suka haifi uku. An ɓoye wa mahaifiyarsa wannan rabuwa har ta mutu a 1979. Ya sake aure a 1976. Ɗaukar nauyin gida biyu yana cikin dalilan da suka sa ba ya hutawa da aiki, kamar yadda ɗansa Michael ya bayyana a littafin tarihin mahaifin nasa.

'Ya'yansa David da Michael duk 'yan wasan kwaikwayo ne, kuma dukansu sun fito a Doctor Who. David ma yana cikin masu gadi a The Enemy of the World tun yana matashi. 'Yarsa Joanna marubuciyar littattafan yara ce. Cikin jikokinsa akwai ɗan wasa Sam Troughton, da Jim Troughton wanda ya buga wa Ingila wasan kurket, da Harry Melling wanda ya fito a matsayin Dudley a fina-finan Harry Potter.

Mutuwa

Troughton ya yi fama da ciwon zuciya, ya kuma samu bugun zuciya mai tsanani a 1979 da 1984. Likitoci sun gargaɗe shi ya rage aiki, bai rage ba. A watan Maris na 1987 ya tafi wani taron masoya almarar kimiyya a garin Columbus da ke jihar Jojiya ta Amurka. Da safiyar Asabar, 28 ga Maris, jim kaɗan bayan ya nemi a kawo masa karin kumallo a masaukinsa, zuciyarsa ta buga ya mutu. Yana da shekara 67, kwana uku bayan zagayowar ranar haihuwarsa. An ƙona gawarsa a can, aka kai tokar Ingila.

Tasiri

An dakatar da Doctor Who a 1989, aka dawo da shi a 2005, kuma dabarar sauya jarumi da aka fara gwadawa a kan Troughton ita ce ta riƙe shi tsawon wannan lokaci. 'Yan wasa da dama da suka zama Dakta sun ambace shi a matsayin abin koyinsu. Matt Smith, Dakta na goma sha ɗaya, ya bayyana cewa kallon The Tomb of the Cybermen ne ya nuna masa yadda zai kama rawar. BBC ta sake gina wasu labaransa da suka ɓace da zane mai motsi, ciki har da The Power of the Daleks a 2016 da The Evil of the Daleks a 2021. Troughton ya mutu shekara 26 kafin a sanar da abin da aka samu a Jos, a lokacin da kashi ɗaya kaɗai ya rage na aikin da ya yi a matsayin Salamander.

Wasu daga cikin ayyukansa

Hamlet, 1948
Treasure Island, 1950
Robin Hood, 1953
Richard III, 1955
Paul of Tarsus, 1960
Jason and the Argonauts, 1963
The Gorgon, 1964
Doctor Who, 1966 zuwa 1969
Scars of Dracula, 1970
The Omen, 1976
Sinbad and the Eye of the Tiger, 1977
The Box of Delights, 1984
Inspector Morse, 1987
Knights of God, 1987